Facin Farkon Wata

A Busan, bayan kasuwar kifi,
inda ƙarnin teku ke bin mutum har aljihu,
nake zaune, ni Gong Deok-su, masuncin da gwiwa ta sallama,
da waya biyu a kan tebur:
tawa, da ta Mal-sun.

Tawa sabuwa ce, jikata Seol-a ta sayo.
Duk farkon wata sai ta yi ɗan tsaki,
jan ɗigo ya fito a kusurwa
kamar ƙurji a goshin jinjiri:
gyaran tsaro ya iso, a sauke?

Seol-a ta kafa mini doka.
"Kaka, sa ta a caji tukuna,
ka jona ta da intanet ɗin gida.
In ta suma ta farfaɗo, ta sake suma,
kada ka taɓa ta. Ba ciwo ba ne."
Na ce, wane ɓarawo ne zai shigo ta waya?
Hotunan kifi zai sata?
Ta ce, "Kuɗin fanshonka a ciki suke kwana."
Na haɗiye sauran maganata.

Shekara arba'in ina ɗinkin taru,
don haka ban daɗe ban gane ba.
Hujin da ke talauta mutum
ba shi ne wanda ido ya gani ba.
Zare ɗaya ne zai saki a ƙarƙashin ruwa,
kifi ɗaya ya shinshino,
kafin gari ya waye 'yan'uwansa sun bi sahu.
Ashe akwai wasu yara a wani ɗaki mai sanyi,
ban san garinsu ba, balle sunansu,
suna ɗaga tarun nan gaban fitila
suna rige-rige da ɓarawo wajen gano huji.
Duk wata sai su aiko mini da faci.

Sai in danna.
Fuskarta ta yi baƙi ƙirin.
Wani siririn layi ya kama rarrafe,
goma sha biyu, talatin da ɗaya,
ya toge a talatin da ɗaya
har shayin sha'irina ya huce.

A wannan tsakanin nake ɗauko ta Mal-sun.
Gilashinta ya dare ta gefen hagu
tun ranar da santsin ƙanƙara ya kayar da ita a matakala.
Da can nakan danna mata "duba",
da'ira ta juya, ta juya,
ta ce babu sabo, komai daidai.
Daidai!
Facin ƙarshe: ɗaya ga Maris,
watan da aka ba ta gado a asibiti.
Masu ɗinki sun wuce gaba, sun bar tarunta a rataye.

Seol-a ta ce gida ne da aka daina sauya wa kwaɗo,
kuma kowa a unguwa ya san mabuɗin.
Ta kwafe mini muryar zuwa sabuwar waya.
Na saurara. Ta yi tsabta da yawa.
A tsohuwar lasifika akwai ɗan kakari,
irin na maƙogwaronta da safe.

Mun yi ciniki, ni da yarinyar.
Ta zare layin, ta kashe intanet,
muka jawo wayar kan tudu kamar kwalekwalen da ya gama yayi.
Ba mai shiga, ba mai fita.

Na kara ta a kunnen da ya fi ji:
"Deok-su, ka taho da tafarnuwa.
Kuma kada ka biya wajen Bong-gil,
na san halinku."
Daƙiƙa tara ke nan.

Can tawa ta girgiza, ta buɗe ido,
ta ce an kammala, sai wani watan.
Na ɗauki hula da sanda.
Tafarnuwa ta yi tsada bana,
kuma shagon Bong-gil a kan hanya yake.